Shekarar Masu Kan Tulu

Ku da kuke fassarar fim a waya yanzu, kuna zaune a ɗaki fanka tana kaɗa ku, in harshe ya yi tuntuɓe ku goge ku sake, na ji kuna cewa aikin nan ba komai ba ne sai surutu. To, surutun ne. Amma mu a gaban jama'a muka yi shi, da makirfo a hannu, mai kallo yana dab da kai har gwiwarsa tana taɓa taka, kuma kalma in ta fita ta fita ke nan, babu gogewa. Sunana Habu, a nan Kazaure aka haife ni. Na yi shekaru ina bin kasuwannin Roni da Gwiwa da Babura da akwatin talabijin, ina gaya wa mutane abin da Turawa da Indiyawa suke cewa. Tun da kun zauna, bari ku ji yadda muka yi wata damina guda da kaset ɗaya tak.

Kayan aikinmu ba su da yawa, nauyi ne da su. Talabijin ce mai ƙaton ƙeya wadda sai mutum biyu suke ɗagawa, da bidiyo mai kaset, da lasifika, da makirfo mai doguwar waya. Sai ƙaramin janareto da muke kai wa can bayan rumfa, mu kewaye shi da buhunan ƙasa don kada ƙararsa ta danne magana. Ranar kasuwa tun da hantsi muke hawa a-kori-kura, talabijin a kan cinyata a naɗe cikin bargo, duk ramin da mota ta faɗa a cikina nake jin sa. In mun isa mu kama rumfar zana, mu toshe ta da barguna da tsofaffin buhuna har ta yi duhu, mu jera benci, mu shimfiɗa tabarmi a gaba. Bayan azahar ake farawa, kafin magariba an watse, domin mutanen ƙauye suna da tafiya a gabansu.

Aikin farko da maigidana Malam Garba ya ba ni shi ne goge kan bidiyo. Kaya duka nasa ne, shi ne kuma mai fassara kafin ni. Ya yi zaman kurmi yana yaron mota, can ya tsinto Turancinsa, irin wanda ba a koyarwa a aji. Ya nuna mini yadda ake kwance murfi, a ɗiga sifirit a farin ƙyalle, a danna shi a jikin kan, a juya da yatsa a hankali. In ka goga sama da ƙasa ka lalata bidiyo. In ta tauna zaren kaset, ka zaro shi a nutse, ka yanke wurin da ya yamutse da reza, ka haɗa da salatif ta baya. Na daɗe a kan wannan da ɗaukar janareto, har na fara tunanin mutumin nan ɗan dako yake nema.

Ranar da ya ga damar koya mini magana, sai ya sa kaset ya kashe sautin gaba ɗaya, ya ce in gaya masa abin da ake cewa. Na ce Maigida ai ban ji ba. Ya ce mai kallo ma ba ji yake yi ba, gani yake yi, kuma da ni da shi wa ya iya Indiyanci? Daga nan ya kafa mini ƙa'ida. Abin da za ka sa a bakin mutum dole ya dace da fuskarsa da hannunsa. In akta ya wanka wa mutum mari, ba ka isa ka ce shafa shi ya yi ba. Ba a magana a kan faɗa, naushi yana fassara kansa. Ba ka riga mai kallo dariya. Kuma kowa a fim sai ka raɗa masa suna tun fitowarsa, domin Bahaushe ba ya bin labarin wanda bai san yadda zai kira shi ba. Akta dai akta ne, mugun kuma bos, saura kai za ka nemo musu.

Shekarar da nake ba ku labari, ruwa ya yi jinkiri har aka fitar da rai, sannan ya zo gaba ɗaya. Ɗakin ƙasa da muke ajiye akwatin kaset ya rufta. Muka tono su cikin laka, muka shanya, muka goge, amma duk sun yi fumfuna, wanda ka sa sai ya toshe kan bidiyo. Guda ɗaya ya tsira, shi ma don ba ya cikin akwatin. Wani mai sayar da kaset a Kano ne ya ba mu shi gyara, Maigida ya duba sau ɗaya ya yi tsaki, muka tokare ƙafar teburin talabijin da shi. Hatsi ya yi tsada, fetur ya yi tsada, babu halin zuwa Kano sayen sabo. Ga shi tari ya kama Maigida ya cinye masa murya, in zai yi magana sai ka kai kunne. Ya miƙo mini makirfo ya ce in kaset ɗin nan bai riƙe mu zuwa kaka ba, zai sayar da janareto da talabijin, ni kuma in nemi abin yi. Ban iya komai ba sai wannan, kuma na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba.

Fim ɗin ko suna ba shi da shi, takardar jikinsa ta ɓare. Labarin kuwa ga shi. Wani jirgi ne yake saukowa daga sama ya dira a cikin duwatsu, kusa da wani ɗan gari mai rijiya ɗaya. Wasu halittu su fito, kawunansu manya, wuya siriri, suna janye da dabbobinsu, su nufi ruwa. Akta, wani mai dogon gashi da rigar fata, ya ɗauki bindiga mai fitar da jan haske, wani tsoho mai sandar tsafi yana biye da shi, su yi ta bin halittun nan suna kashewa ɗaya bayan ɗaya, har a kai ga babbansu a bakin rijiya. Su halittun ba sa wani yare, sai wani gurnani kamar ana tsiyayar ruwa daga buta. Da ganinsa ka san waɗanda suka shirya shi aljihunsu bai fi namu nauyi ba.

A Kazaure muka fara, kuma nan ne wurin da mai fassara ya fi shan wuya, saboda akwai ma'aikata da 'yan sakandare masu jiran ka kuskure Turanci. Na kira halittun dodanni. Ba a yi nisa ba wani tela ya hango zif a bayan babban dodon, ya ce a ba shi rigar ya gyara musu kyauta, ko yaron shagonsa ba zai yi wannan ɗinkin ba. Wani mai gyaran tukwane ya rantse jirgin murfin tukunya ne, ga zaren da aka rataye shi can yana gani. Dabbobin kuwa kowa ya gane karnuka ne aka ɗaura wa ƙaho, har ɗaya ya tsaya yana sosa kunne. 'Yan makaranta suka ce dutse ɗaya akta yake ta kewayawa, mu da muka tashi cikin duwatsu ba za a yi mana wannan wayon ba. Gemun tsohon ma auduga ce, gefe ɗaya ya saki. Mutanen Kazauren nan su suka raɗa wa fim ɗin suna Masu Kan Tulu. An yi dariya sosai, wasu sun dawo don su nuna wa abokansu zif ɗin, daga nan benci ya koma wayam.

A Roni sai na ce bari in ba su tsoro, tun da dariya ba ta riƙe mutane. Na kira su aljanu, na ce rijiyar gari suka zo kamawa. Kai, wannan kalma ta ja mana. Jirgi yana buɗewa na ji a'uziyya tana tashi ta ko'ina, wani dattijo ya tattara babbar rigarsa ya fice. Waɗanda suka zauna kuma suka kama musu da ni. Wani manomi ya ce ƙarya ce, aljani ba a harbinsa da bindiga, kuma bai taɓa jin aljani da kare ba. Wani ya tambaya su mutanen garin me suke ci, tun da aka fara bai ga kowa da fartanya ba. Kasuwar da ta zagayo muna sauke kaya mai rumfa ya tare mu, ya ce mai unguwa ya aiko, yara sun kai labari gida, 'yan mata sun ƙi zuwa rijiya da tsakar rana. Ya ce in wannan muka kawo mu mayar da kayanmu mota. Muka mayar.

A Babura na mai da su sojojin wata ƙasa. Can akwai fataken Nijar da yawa, masu biya da sefa, mutanen da suka san hanya. Nan take ɗaya ya tambaya wace ƙasa ce, ya ce shi ya yi yawo, bai ga gwamnatin da za ta tura soja ba takalmi ba. Abin da ya dame su shi ne jirgin: wane mai yake sha, buhu nawa zai ɗauka, a ina ake samun kayan gyaransa. Akta kuwa suka ce surutunsa ya fi aikinsa. Fim bai kai rabi ba suka fara zamewa don kada mota ta bar su.

Da muka dawo, Maigida ya je ya sami wani Alhaji Tasi'u mai kantin lemo, wanda ya daɗe yana son janareton don firjinsa. Suka yi magana, Alhaji ya ce yana so ya ga injin yana aiki na tsawon wuni kafin ya ɗauka. Aka tsayar zai same mu a kasuwar Gwiwa ta gaba da mai zuwa. Ni dai ba a tambaye ni ba, kuma ba hurumina ba ne.

Zuwanmu Gwiwa na farko da wannan kaset, sunaye sun ƙare mini. Dodo ya jawo dariya, aljani ya jawo kora, soja ya jawo musu. Jirgi ya sauka, halittu suka fito suka jeru a bayan gari, babbansu ya ɗaga hannu, ni kuwa ina ta cewa ga abubuwan nan, ga abubuwan nan, abin da Maigida ya fi tsana. A bencin gaba akwai wani dattijo makiyayi da ake kira Baffa Buba, ya kawo ɗan maraƙi kasuwa bai sayar ba, ya shigo neman inuwa da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Bai taɓa kallon fim ba, saboda haka bai san akwai abin da ake kira akta ba, balle ya san dole a goyi bayansa. Ya juyo ya dube ni.

"Ɗana, waɗannan baƙin, gidan wa aka sauke su?"

Na ce, "Baffa, ba a sauke su ba."

Ya girgiza kai ya koma kallo. Ni kuma na kama kalmar, tun da ba ni da wata. Na ce baƙi sun nufi rijiya, baƙi suna jan dabbobinsu, akta ya hango baƙi ya ɗana bindiga. Ban canza komai a hoton ba, ban isa ba. Amma da akta ya harbe na farko, maimakon tafin da aka saba, sai na ji wani daga baya ya ce subhanallahi.

Ranar ba a watse da wuri ba, a ƙofar rumfa aka tsaya ana ta kai da komo. Makiyaya da fatake suka ce mutanen nan sun tsaya a bayan gari kamar yadda ake yi, ba su shigo da makami ba, ko moɗa ɗaya ba a miƙa musu ba. Manoma suka ce a'a, a bar zancen, ai sun ga lokacin da dabbobin suka ture shinge suka bi ta kan shuka, kuma rijiya ɗaya ce a garin, in baƙi suka shanye masu gida su sha me? Wani ya ce ko da hakan ne ai akwai mai gari, wa ya ba wannan mai gashin ikon yanke hukunci shi kaɗai. Wani almajirin ilimi ya kawo tasa, ya ce sai an fara tantance ko haƙƙin baƙunta yana hawa kan wanda ba ɗan Adam ba. Mai fura da take zaune a bakin ƙofa, wadda ta ji komai ta cikin zana ba ta ga komai ba, ta ce ita dai wannan akta bai sami tarbiyya ba. A duk cikinsu babu wanda ya ambaci zif, alhali yana nan inda yake.

Ku lura da wannan, ku masu cewa surutu ne. Fim ɗin bai gyaru ba, har gobe fim ɗin banza ne, karnukan nan karnuka ne. Abin da ya canza shi ne mutane sun sami abin da za su yi gardama a kai wanda suka sani a rayuwarsu. Kowa a rumfar nan ko ya taɓa tsayawa a bakin rijiyar wasu da ƙishi, ko an taɓa tsaya masa a bakin tasa.

Kasuwar da ta biyo, kafin mu gama toshe rumfa mutane sun taru. Kowane ɓangare ya jawo nasa don su zo su gani da idonsu. Benci ya cika, tabarmi suka cika, wasu suka tsaya a jikin zana. Alhaji Tasi'u ya iso da motarsa mai buɗaɗɗen baya, har da igiyar ɗaure janareto. Ya zagaya ya saurari ƙarar injin, ya taɓa jikinsa, ya gamsu, sannan Maigida ya sa aka ba shi wuri a bencin gaba kusa da Baffa Buba, ya jira a tashi ya ɗauki kayansa.

Ban taɓa yin aiki irin na ranar ba. Sau da yawa ana tsayar da ni a ce a mayar baya. Aka mayar wurin shinge, manoma suka ce to kun gani. Aka mayar wurin saukowa, makiyaya suka ce a dubi hannun babbansu, babu komai a ciki. Na riƙe harshena sosai, domin in na karkata gefe ɗaya rabin rumfa za ta tashi, wataƙila ma a wuce magana. In akta ya yi magana na ba shi hujjarsa cikakkiya, cewa ruwan garin ba zai kai su bazara ba, da yara a garin. Gurnanin baƙi kuwa na bar shi yadda yake, na ce yarensu ne.

Haka muka kai ƙarshe. An kashe su duka sai babban. Ya ja jiki ya iso bakin rijiya, akta ya harbe shi, ya durƙusa, ya ɗaga hannu, ya yi wani dogon gurnani. A Kazaure da Roni da Babura, abin da nake cewa a nan shi ne abin da kowane bos yake cewa, wato zan dawo in rama. A zuwanmu Gwiwa na farko ma shi na faɗa, amma surutun mutane ya danne shi. Shi na buɗe baki zan faɗa, sai Baffa Buba ya ɗaga sandarsa.

"Tsaya, ɗana. Wannan kam sai ka gaya mana. Me ya ce?"

Na danna bidiyo hoton ya tsaya yana rawa. Fuskar roba ce, ba ta nuna komai. Hannun kaɗai gare ni, kuma mai shirin ramuwa dunƙule hannu yake yi, wannan a buɗe yake, tafin yana kallon akta, daidai yadda ya ɗaga shi a bayan gari. Na waiwaya wajen Maigida, yana tsaye a bakin ƙofa, bai ba ni wata alama ba. Na kai makirfo baki.

"Baffa, cewa ya yi, tun da muka sauka muke yi muku sallama."

Ana jin janareto can baya, da hayaniyar 'yan awaki a kasuwa. Sai Baffa Buba ya gyara zama, ya dubi talabijin, ya amsa sallamar a hankali, cikakkiya har ƙarshenta. Na kusa da shi ya amsa. Daga nan ta bi benci har jikin zana, da manoman da makiyayan, ƙasa-ƙasa, kamar yadda ake amsawa in mutum ya shigo ana tsakiyar karatu. Na ga leɓen Alhaji Tasi'u ma yana motsi. Na saki hoton, baƙon ya faɗi, akta ya juya yana murmushi da gashinsa, ba wanda ya tafa masa.

Mutane suka fita ba hayaniya. Wani manomi da ya fi kowa ɗaga murya a kan shinge ya tsaya kusa da ni, ya ce har yanzu yana nan a kan bakansa game da shukar, amma da an amsa musu tukuna. Wasu suka tambaya ko za a sake sa shi kasuwa mai zuwa, akwai yayyensu da ba su gani ba. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa.

Na kashe janareto na bar shi ya huce, na kama naɗe waya. Ina hango Maigida da Alhaji a gindin wata bishiya, Alhaji ya sunkuyar da kai ya kai kunne bakin Maigida, igiyar tana hannunsa. Ban ji abin da suka ce ba, ban kuma tambaya ba har Maigida ya bar duniya. Can sai ga shi ya taho yana tari, ya tsaya a kaina yana kallon yadda nake kwashe buhunan ƙasa. Na ce Maigida, motar Alhaji zan kai shi? Ya yafito ni da hannu, na matso da kunnena.

"Kai shi tamu. Ka sa masa tsumma a ƙasa, kada ya yi ta bugun ƙarfe a hanya."

Na ɗauka na kai a-kori-kura, na sa tsumman, na dawo muka ɗaga talabijin.